Amfilifayar Kawu: ƙugi, eko, da hannun da na ƙi fahimta

1/ Jama'a ku matso. Yau zan ba ku labarin yadda wata tsohuwar amfilifayar jita ta cinye min kuɗin abincin wata guda, ta ja ni da wuta, sannan ta kunyata ni gaban mutumin da na fi ganin girmansa. Zaren yana da tsawo, ku nemi wurin zama. Masu jita kuma ku ajiye shi, zai yi muku amfani wata rana 🧵

2/ Amfilifayar ta Kawuna ce, yayan Ummanmu. A ƙarshen shekarun 1970 yana kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa a Jos, suna zagaya otal-otal da wuraren biki. Da ya yi aure ya bar harkar, ya buɗe shagon kayan gini. Amfilifayar ta koma sito, bayan buhunan masara, ta shekara sama da talatin ba wanda ya kunna ta.

3/ Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da yake kiɗa da shi ya daina motsi, magana ma ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Amma kunnensa garau yake, hankalinsa ma haka. Ku riƙe wannan, don ni da kaina na manta da shi a lokacin da ya fi dacewa in tuna.

4/ Ni kuma na fara koyon jita ne a aji ɗaya, bayan na ga bidiyon Bombino na Agadas, da na Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. A gida dai shiririta ake kiran abin. Kawu ne kaɗai idan na zo hutu zai nuna jakar jitar da haɓa, wato in ciro in kaɗa masa.

5/ Ana saura sati uku bikin autarsa ta kira ni. "Yaya, alfarma ɗaya nake nema. Akwai kiɗan da Baba yake mana muna yara. Ina so ka kaɗa shi ranar walima, kuma da amfilifayarsa, ba ta haya ba." Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ɗan aji uku a injiniyan lantarki fa. Baki ne dai ya ja min.

6/ Da muka jawo ta daga sito sai da mu biyu muka kama, don ta kai kilo 30. Fender Twin Reverb ce mai farar fuska. Lasifika biyu masu inci 12, bawul goma a ciki: manya huɗu, ƙanana shida. Bawul ɗin nan kamar ƙwan lantarki yake, shi ke ƙara ƙarfin sauti kafin zuwan tiransisto. Tsofaffin rediyoyi ma da shi suke aiki.

7/ Ranar farko shara na yi. Ƙura, yanar gizo-gizo, kashin ɓera. A ƙasan akwatin na ga wata doguwar jakar leda baƙa, a cikinta wani ƙarfe kamar faranti mai tsawo, da wayoyi biyu. Na ciro, na kakkaɓe, na mayar, na jona kowace waya inda aka rubuta. Ban ma kula da gefen da ya kalli ina ba.

8/ Na kunna. Tun kafin in jona jita sai ga wani ƙugi mai kauri, "mmmmm", kamar taransifomar unguwa. Na jona jita, wani "zzzzz" ya hau kansa kamar gidan zuma. Bayan minti goma ta yi zafi, sai ƙaras-ƙaras kamar ana soya ƙuli. Eko kuwa babu shi sam. Idan na murɗa mamurɗinsa, ƙugin ne kawai ke ƙaruwa.

9/ Eko da nake faɗa shi ne abin da aka rubuta Reverb a fuskar amfilifayar. A gaskiya ba ɗaya suke da amsa-kuwwa ba. Amsa-kuwwa tana maimaita maka maganarka daki-daki. Wannan kuwa jelar sauti ce, irin wadda kake ji idan ka tafa a cikin babban ɗaki wanda ba kaya. Amma tunda a situdiyo eko muke cewa, mu tafi a haka.

10/ Abin kunya na farko: ashe na jona jitar a ramin da aka rubuta Normal. A irin waɗannan tsofaffin Fender, ɓangaren Normal ba ya bi ta eko kwata-kwata. Sai ɓangare na biyu, mai suna Vibrato. Awa biyu ina zargin inji, alhali rami na ɓata. Na sauya rami. Eko dai bai zo ba, amma aƙalla yanzu matsalar ta gaske ce.

11/ Duk wannan Kawu yana zaune a kujerarsa a tsakar gida yana kallo. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya nuna ƙasan amfilifayar, ya juya hannun a iska. Na ce "To Kawu, na murɗa," na ƙara murɗa mamurɗin eko. Ya girgiza kai. Ya sake nuna ƙasa, ya sake juya hannu. Na sake murɗawa. Ya yi tsaki.

12/ Kwana uku yana min haka. A na ukun na ce wa matarsa, "Inna, ƙarar nan tana damun Kawu, a mai da shi ɗaki ya huta." Aka tura shi ciki. Yana ta waiwayen amfilifayar har aka saki labule. A raina na ce ciwon ne, Allah sarki. Zan dawo kan wannan.

13/ Kuskure na biyu shi ne na kuɗi. Na yanke hukunci cewa bawul ne suka tsufa, ba tare da na gwada komai ba. Na tattara kuɗin abincina na wata, na ci bashin abokin ɗakina, na sa aka aiko min manyan bawul huɗu sababbi daga Legas. Na cire tsofaffin, na sa sababbin, na kunna. "Mmmmm." Ko ɗigo bai ragu ba.

14/ Daren ne kuma leɓena ya taɓa makirfo hannuna yana kan tsirkiyar jita. Wani abu ya daki bakina kamar an soka min allura goma. Na yar da jitar, na zauna a ƙasa, zuciyata tana bugawa. Na yi dariya a lokacin don abokaina suna wurin. Daga baya da na gane abin da ya faru, dariyar ta gudu.

15/ Wannan abin yana kisa, ba wasa ba. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey, na ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea gaban 'yan kallo, saboda ya taɓa makirfon da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba. Don haka idan jita ko makirfo ta taɓa ɗan tsikarinka, kashe komai. Kar ka ce bari a gama waƙar.

16/ Washegari na sauke girman kai, na ɗora ta a Keke Napep zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan kasuwa. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ya ga amfilifayar ya yi murmushi kamar ya ga tsohon aboki. Na fara zuba masa turancin aji. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, kunna mu ji."

17/ Ya ce kafin a kunna, ka'ida ta farko: irin wannan amfilifaya mai bawul ba a kunna ta lasifika ba a jone ba, don taransifomar da ke tura sauti tana iya ƙonewa. Ya duba wayar lasifika da hannunsa. Sannan ya ce in cire jita, in mai da duk mamurɗai sifili. Muka kunna. Ƙugin yana nan daram.

18/ "To me ka gane?" Na yi shiru. Ya ce, "Jita ba ta ciki, an rufe duk ƙofofin gaba, amma ƙara tana fitowa. Ke nan ɓarawon ba ta ƙofa ya shigo ba, a cikin gida yake kwana." Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya: ka raba hanyar sautin gida biyu, ka ga a wane rabi ƙarar take, ka sake raba wannan rabin.

19/ Hanyar kuwa ga ta: tsirkiya, zuwa maganaɗisun jita, zuwa waya, zuwa ƙananan bawul, zuwa eko, zuwa manyan bawul, zuwa lasifika. Ƙarƙashinsu duka akwai sashen da ke ba su wuta. Duk mamurɗin da ya rage ƙara idan ka mai da shi sifili, to ƙarar kafin shi take shigowa. Idan bai taɓa ta ba, bayansa take.

20/ A nan ne karatuna ya ɗan yi rana. Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a sakan ɗaya, a Amurka kuma sau 60. Idan ƙugi yana kan 50, yawanci shigowa yake daga waje: taransifoma a kusa, wayar ƙasa mara kyau, ko wayoyin da ke ɗumama bawul. Idan yana kan 100 kuwa, zargi ya koma kan sashen wuta.

21/ Dalili shi ne, amfilifaya tana miƙar da wutar soket ta zama mai tafiya gefe ɗaya, kuma wurin miƙarwar sai ta fito da tudu 100 a sakan. Manyan kafasitoci ne ke cike kwarin da ke tsakanin tudun, kamar tankin ruwa da ke riƙe maka famfo idan an ɗauke. Idan sun bushe, tudun nan kai tsaye za ka ji su a lasifika.

22/ Na buɗe manhajar auna sauti a wayata: layi ya tsaya cak a kan 100. Baba bai ko kalli wayar ba. Ya karɓi jita, ya danna gaɓa ta uku a tsirkiya mafi kauri, ya kaɗa. Sautin ya kusa zama ɗaya da ƙugin. Gaɓar nan 98 take bayarwa. Shi da kunne ya san haka tun kafin a haife ni.

23/ Ya kashe, ya cire filogi, ya zaro ƙarfen cikin. Na miƙa hannu zan taya shi, ya buge min hannu da ƙarfi. "Kai! Ka gaji da duniya ne?" Kafasitocin nan suna riƙe sama da bolt 400, kuma suna iya riƙe ta bayan an cire filogi. Sai da ya sauke wutar ta cikin resisto, ya auna da mita, sannan ya taɓa.

24/ Don Allah ku ji wannan da kyau. Duk abin da zan faɗa na gwada waya, sauya rami, duba tankin eko, kowa zai iya yi daga waje. Amma buɗe cikin amfilifaya mai bawul aikin wanda ya sani ne. Ni da nake karanta abin a makaranta ma tsayawa na yi hannuna a aljihu ina kallo. Ba jarumta a ciki.

25/ Ya buɗe wani murfin ƙarfe, sai ga kafasitocin a jere kamar batiran tocila. Biyu sun kumbura, ɗaya ta yi aman wani farin gari a baki. Akwai ɗanshin sinadari a cikinsu da ke bushewa da shekaru, kuma zaman banza ya fi lalata su a kan aiki. Waɗannan tun daga kamfani ba a taɓa canja su ba.

26/ Kwana huɗu kafin a samo masu jure irin wannan wutar. Kuɗinsu duka bai kai rabin abin da na kashe a bawul ba. Ya sa su, ya mai da tsofaffin bawul ɗin Kawu, muka kunna. Shiru. Har na ɗauka ba ta kama ba sai da na ga jar fitilar. Tsofaffin bawul ɗin lafiyarsu ƙalau tun farko. Na tuna bashin abokin ɗakina.

27/ Sai batun jan wuta. Wayar wutar amfilifayar mai ƙafa biyu ce, ba ta da ta ƙasa. A ciki kuma akwai wata 'yar kafasita da aka haɗa daga layin wuta zuwa jikin ƙarfen, tsohon tsari na rage ƙara. Idan ta lalace, wuta tana hawa jikin amfilifayar, ta bi waya zuwa tsirkiya, ta jira wanda zai taɓa.

28/ Masu gyara a Turai da Amurka kafasitar ajali suke kiranta, kun ji suna. Baba ya yanke ta ya jefa a gwangwani, ya sa waya mai ƙafa uku, ya ɗaure ta ƙasan a jikin ƙarfen da noti. Ya ce, "Amma fa je ka duba soket ɗin gidanku. Rami uku ba ya nufin waya uku."

29/ Gaskiyarsa. Da muka kashe wutar gidan muka buɗe soket ɗin falon Kawu, ramin sama ba komai a bayansa. Ado ne kawai. Gidaje da yawa haka suke, har ɗakunan haya na ɗalibai. Sai da mai wayarin ya zo ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ja waya. Tun daga nan tsirkiya ba ta sake tsikarina ba.

30/ Saura "zzzzz" ɗin da ke zuwa idan an jona jita. Gwajin farko: mai da mamurɗin jitar kanta sifili. Ƙarar ta ɗauke. Ke nan ba amfilifaya ba ce, jitar ce ke kwaso ta daga iska. Maganaɗisun jita siririyar waya ce da aka naɗe sau dubbai. Aikinta ta ji motsin tsirkiya, amma ba ta da zaɓi, duk abin da ke kusa ji take.

31/ Na rataya jitar na riƙa juyawa a hankali a tsakiyar ɗaki. Ta wani gefen ƙarar ta yi sama, ta wani gefen ta kusa ɓacewa. Na fara kashe kaya ɗaya-ɗaya. Cajar waya ta bakin titi: rabin ƙarar ya tafi. Doguwar fitilar silin: wani kason ya tafi. Abin rage gudun fanka: saura kaɗan. Ko sisi ban kashe ba.

32/ Jitata mai naɗi ɗaya ce, irin tsarin Stratocaster, kuma haka halinsu yake. Shi ya sa a shekarun 1950 Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera mai naɗi biyu da ke adawa da juna, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan. A yawancin jitoci irin tawa, matsayi na 2 da na 4 a makunnin zaɓi suna yin kusan irin wannan aikin.

33/ Wani abu da ke ruɗa masu koyo: ka taɓa tsirkiya ƙara ta ragu, ka saki ta dawo. Wannan ba ciwo ba ne. Jikinka ne ke kwaso ƙarar, da ka taɓa tsirkiya sai ta samu hanyar sauka ƙasa. Abin damuwa shi ne ka taɓa ƙarar ta ƙaru, ko ta ƙi canjawa sam. Nan kam a duba wayoyin cikin jitar.

34/ Ƙaras-ƙaras kuma da tsinken tsire Baba ya kama shi. Wallahi tsinken tsire. Amfilifaya tana kunne, ya riƙa ɗan ƙwanƙwasa ƙananan bawul ta baya ɗaya bayan ɗaya. Itace ne busasshe, ba ya ɗaukar wuta. Ya ce kar in taɓa gwadawa da fensir, don bakinsa yana ɗauka. Yana taɓa na biyu lasifika ta yi "ƙarrr".

35/ Ya kashe, ya bari ya huce, ya zare shi. Ƙafafunsa sun yi baƙi, ƙurar hunturu da ɗanshin damina na shekara talatin. Ya fesa maganin wanke mahaɗar waya, ya sa ya cire sau biyar, ya mayar. Ƙarar ta tafi. Da ba ta tafi ba, sai ya musanya shi da na farko tunda iri ɗaya ne, 12AX7, ya ga ko matsalar za ta bi shi.

36/ Yanzu saura sati ɗaya biki. Amfilifaya ta yi tsit, sauti tas, amma a bushe. Kiɗan da autar Kawu take so kuwa rabinsa eko ne, sautin yana tafiya yana jan jela. Baba ya yi tafiya ƙauye ta'aziyya, ya ce sai bayan kwana goma. Ya bar ni da kalma ɗaya: "Raba shi biyu." Na dawo da ita gidan Kawu.

37/ Ga yadda ekon ke aiki. Farantin nan na cikin baƙar jaka shi ake kira tanki, ko da yake ba ruwa a ciki. Sifirin ne siriri guda biyu a miƙe. A gefe ɗaya wani ɗan naɗin waya yana girgiza su da sautin jitar. Girgizar tana kai da komo a jikin sifirin, a ɗaya gefen wani naɗin yana ɗauka ya mayar wa amfilifaya.

38/ Kamfanin Hammond ne ya fara sa wannan a kayan kiɗansa na ogan, don su yi amo irin na babban zaure a cikin ƙaramin ɗaki. Fender ya karɓi fasahar ya fitar da akwatin eko mai zaman kansa a 1961, sannan a 1963 ya fara sa shi a cikin amfilifaya. A shekarar ce Twin Reverb ta fito. Har yau sifirin ɗin ne dai.

39/ Gwajin raba biyu a nan mai daɗi ne. Ka ɗaga mamurɗin eko zuwa 4, ka ɗan girgiza amfilifayar. Idan ka ji "ƙwaram" kamar tsawa a cikin rijiya, to gefen fita yana da rai, matsalar tana gefen shiga. Idan shiru, ka fara da gefen fita. Na girgiza. Tsawa ta tashi har kajin Inna suka watse.

40/ Ke nan sauti ne ba ya isa sifirin. Masu laifi huɗu ne: bawul mai tura eko, wato 12AT7, na uku idan ka ƙirgo daga gefen da ya fi nisa da manyan, 'yar taransifomar da ke bayansa, wayar da ta sauka tanki, ko naɗin shiga. Na kashe, na cire filogi, na fara da mafi arha. Bakin wayoyin ya yi tsatsa, na goge. Babu canji.

41/ Na ciro tankin na sa mita. A irin wannan tankin, 4AB3C1B, gefen shiga ya kamata ya nuna kusan om 1, gefen fita wajen om 200. Fita ya nuna daidai. Shiga bai nuna komai ba, hanya a yanke. Na kifa shi na haska tocila: wata waya siririya kamar gashi ta tsinke daidai inda aka liƙa ta. Ɗigon dalma ɗaya ya gyara.

42/ Na mayar, na kunna, na kaɗa. Jama'a, eko ya dawo! Na yi ihu har Inna ta fito da ludayi a hannu. Amma ina ɗaga mamurɗin ya wuce 3 sai ga ƙugi yana biyo shi, mai taushi, ƙasa da na farko. Na auna: 50. In mai da eko sifili ya ɓace. Na canja waya, na canja soket, na musanya bawul. Yana nan.

43/ Saura kwana biyu. Ƙarfe goma na dare ina zaune a tsakar gida na rasa abin yi. An fito da Kawu shan iska. Ya kalle ni, ya ɗaga hannun hagu, ya nuna ƙasan amfilifayar, ya juya hannun. Irin na ranar farko sak. Wannan karon ban taɓa mamurɗi ba. Na bi yatsansa da ido. Ba fuskar yake nunawa ba. Baƙar jakar yake nunawa.

44/ Na ce, "Kawu, tankin? In juya tankin?" Ya rufe ido ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda ya gaji. Ashe ranar da na yi shara na mayar da shi a juye. Gefen fita, wanda ke ɗaukar sauti mafi rauni kuma ake ƙara masa ƙarfi sosai, ya koma ƙarƙashin babbar taransifomar wuta. Duk maganaɗisun da take fesowa shi yake sha.

45/ Na juya shi, gefen fita ya yi nesa da taransifomar. Minti biyu. Na kunna, na kai eko har 7. Tsit, sai jelar sauti. Tun ranar farko ya ga lokacin da na mayar da shi ba daidai ba. Sati uku yana faɗa min da hannu ɗayan da ya rage masa, ni kuma na sa aka tura shi ɗaki.

46/ Na durƙusa gaban kujerarsa na ce, "Kawu, ka yafe min." Ban san me zan ƙara ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗora hannun a kaina ya ɗan tura, kamar yadda yake min ina yaro idan na yi wauta. Tun da ciwon ya same shi muke magana a kansa yana zaune, muna yanke masa abin da yake nufi. Har da ni.

47/ Ga masu ajiye zaren, ga tsarin a taƙaice:
a) Cire jita, mamurɗai sifili, saurara.
b) Ƙugi 100: kafasitoci, kai wa mai gyara.
c) Ƙugi 50 ko zzz: wayar ƙasa, caja, fitila, wurin tsayuwa.
d) Ba eko: duba rami, girgiza, goge wayoyi, auna tanki.
e) Ƙugi mai bin eko: juya tanki.
Kar ka sayi komai kafin ka gama waɗannan.

48/ Ranar walima da janareta aka yi. Wani ɗan ƙugi ya dawo, yana hawa yana sauka duk lokacin da injin ya canja gudu. Na ja wayata daban da ta masu fitilu da firiji, na sa sitabilaiza, na juya har na samu gefen da jitar ta fi shiru, na tsaya a nan kamar an dasa ni. Ɗan hucin da ya rage, da an fara kiɗa ba mai jin sa.

49/ An ajiye kujerar Kawu dab da amfilifayar. Na sa eko a 6 don ina so kowa ya ji wahalar da na sha. Na fara. Amarya ta sunkuyar da kai, ƙawayenta suna mata fifita. Ban kai rabi ba na ji sautin ya canja. Na waiga: Kawu ya miƙa hannun hagu ya mai da mamurɗin 3. Ya kalle ni ya ce, "Ya isa."

50/ Kuma gaskiyarsa ne, a 3 ɗin kiɗan ya fi fitowa, kowace tsirkiya ana jin ta. Amfilifayar tana falonsa yanzu, ba ta koma sito ba. Duk hutu ni ke kaɗawa, shi ke riƙe da mamurɗai. Af, kuma akwai manyan bawul 6L6 guda huɗu sababbi fil na sayarwa. Mai so ya yi magana, abokin ɗakina ya fara daina gaishe ni.